Idan aka yanki nama a baki aka kai bincike, sau nawa yake fitowa kansa, wato ciwon daji?

Tambaya: "Assalamu alaikum Lokotoro. Ni malamar makaranta ce a unguwar Zariya, nan Maradi. Mahaifiyata mai shekara 58, wani tsiro ya fito mata a dasashin ƙasa kusa da turmi, yau wata biyar ke nan. Ba ya mata zafi, amma yana jini idan ta yi asawaki, kuma yana ƙaruwa a hankali. Likitan haƙori ya ce sai an yanka an aika Yamai a duba. Kawuna ya hana, ya ce daji ba ya son ƙarfe. Don Allah, cikin irin naman da ake yankowa a baki a kai bincike, wace cuta aka fi samu, kuma sau nawa yake fitowa kansa?"

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Kin yi tambayar lissafi, amma na fahimci abin da ke ƙarƙashinta: kina son ki san ko aika nama Yamai yana nufin likita ya riga ya ga kansa ne ya ɓoye muku, sannan kina neman abin da za ki tunkari kawunki da shi. Amsar a taƙaice ita ce mafi yawan naman da ake yankowa a baki ba ya fitowa kansa, kuma tsiron dasashi irin wanda kika kwatanta ya fi yawan zama tsiro marar illa. Amma lissafin jama'a ba ya yanke hukunci a kan bakin mutum ɗaya, kuma ni ban ga Inna ba, ban taɓa tsiron da yatsa ba. Likitan da ya gani ya ce a yanka, kuma a kan abin da kika rubuta, ina bayansa.

Abin da ake yi wa naman

Aikin da ake magana sunansa biyofsi, kuma a asibitocinmu za ki ji ma'aikata suna cewa "a kai anafat", wato ɗakin binciken nama. Ana yi wa wurin allurar kashe zafi irin wadda ake yi kafin cire haƙori, sannan a yanka. Idan tsiron ƙarami ne, kamar ƙwayar gyaɗa ko ɗan fiye, kuma bai nuna alamar mugunta ba, ana cire shi gaba ɗaya, ya zama an yi magani da bincike a zama guda. Idan babba ne, ko gyambo ne mai faɗi da ake zargi, ɗan yanki kawai ake ɗauka daga gefensa, haɗe da lafiyayyen nama kaɗan, a yi ɗinki biyu ko uku. Nan take ake jefa yankin cikin kwalba mai ruwan formol, maganin da ke hana nama ruɓewa, wanda yawansa ya kamata ya ninka girman naman aƙalla sau 10. A ɗakin bincike a daskarar da shi cikin kakin farafin, a fere shi siriri ƙwarai, kaurin da bai wuce kashi 4 ko 5 cikin 1,000 na milimita ba, a rina shi da launi biyu, shuɗi-shuɗi da ja-ja, sannan likitan nama ya duba shi a madubin ƙara girma. Shi yake faɗin sunan cutar. Mu da muke duba baki zato muke yi, komai daɗewarmu a aiki, kuma zato, in ji Hausawa, zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Abin da manyan lissafi suka nuna

Ɗaya daga cikin nazarce-nazarcen da aka fi ambato a wannan fanni an yi shi ne a makarantar likitancin haƙori ta Shefild a Ingila, aka buga shi a 2006. An tattara sakamakon samfuri sama da 44,000 na manya, ban da yara, waɗanda aka duba cikin shekara 30, daga 1973 zuwa 2002. Abin da ya zo kan gaba, kusan 15 cikin 100, shi ne tsiron nama mai tauri wanda baki ke yi idan wani abu ya daɗe yana gogarsa ko mutum yana cizon wurin. Bayansa sai ɗan ƙullin kumburi da ke fitowa a ƙarshen saiwar mataccen haƙori, kusan 8 cikin 100. Jakunkunan ruwa da ke tasowa cikin ƙashi daga tushen haƙori, waɗanda muke kira kist, su ma suna da kaso babba. Kansa iri-iri duka, idan aka haɗa su, 5.4 cikin 100 ne. Wato a can, cikin kwalba 20 da suka isa ɗakin bincike, kusan guda ɗaya ce take fitowa da mummunan labari.

Da zan tsaya nan da na kwantar miki da hankali da adadin da ba namu ba. Rahotannin asibitocin koyarwa na maƙwabtanmu a Najeriya, irin su Ibadan da Legas da Zariya da Kano, suna nuna wani tsari dabam: kason kansa ya zarce na Ingila nesa ba kusa ba, kuma ƙarin muƙamuƙi mai suna amelobilastoma, wanda a Turai ba kasafai ake ganinsa ba, yana cikin na sahun gaba. Abin da ke bi ta hannuna a nan Maradi ya fi kama da na maƙwabta fiye da na Ingila.

Wannan bambancin ne nake son ki fahimta da kyau, domin shi ne zuciyar amsar. Lissafin biyofsi ba ya ƙidaya cututtukan da ke bakin jama'a. Yana ƙidaya waɗanda suka kai ga likita, likita ya yanka, aka samu kuɗin bincike, kwalbar ta isa. A Ingila likitan haƙori na unguwa yana cire ɗan tsiro kamar ƙwayar gero ya aika, har abin da ya manne a saiwar haƙorin da ya cire yana aikawa, don haka ƙananan abubuwa marasa illa suka cika lissafin, kason kansa ya yi ƙasa. A wurinmu kuwa, mutumin ƙauye daga yankin Dakwaro ko Mayahi ba zai biya kuɗin mota ya bar gona don tsiron da ba ya masa zafi ba. Zai fara da jiƙo, ya je wajen wanzami a yi masa sakiya, ya sha kafso daga hannun mai tallar magani, sai abin ya hana shi tauna tuwo ko ya karkatar masa da fuska sannan a kawo shi. Ko cikin waɗanda suka zo da wuri, ƙananan tsiro da yawa ana cirewa a jefar ba a aika ba, saboda kuɗin binciken yakan fi na cirewar. Abin da ya tsallake wannan rariya har ya isa madubi, mafi yawansa manya ne kuma munana. Saboda haka idan kika ji an ce kansa tana da yawa cikin samfuran ƙasashenmu, babban dalilin shi ne wa ake yi wa biyofsi da kuma yaushe.

Akwai kuma cututtukan da lissafin ba ya gani sam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa mutum kusan biliyan 3.5 ke fama da cutar baki, kuma mafi yawansu ruɓewar haƙori ce da ciwon dasashi, waɗanda da ido da hoto ake gane su, ba a yanka musu nama. Haka cutar noma, mai cinye kunci da leɓen yara masu tamowa, galibi ƴan shekara 2 zuwa 6, wadda yankinmu ya sani sarai, har aka gina mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma Hukumar ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. Yaron da ke da noma ba ya jiran kwalba ta je Yamai ta dawo. Kwanaki kaɗan ne tsakaninsa da rasa rabin fuska, magani da abinci ake ba shi a ranar.

Wuri da shekaru sun fi adadi faɗin gaskiya

A ɗakin duba marasa lafiya ba na tunanin "kashi nawa cikin 100". Ina tambayar kaina abu uku: a ina abin ya fito, shekarun mai shi nawa, kuma yaya yake tafiya.

Ƙullutu mai laushi, shuɗi-shuɗi, a cikin leɓen ƙasa na saurayi ko yarinya, wanda ke fashewa ya sake cika, kusan kullum miyau ne ya taru saboda an ciji bututun wata ƙaramar matsatsar miyau. Tsiro ja mai saurin jini a dasashin mace mai ciki sananne ne, sau da yawa yana janyewa bayan haihuwa, mukan bar shi sai idan yana hana ta cin abinci. Kumburi mai tauri a ganɗa, ta gefe guda, marar zafi, wannan kuwa ba na wasa da shi, domin ƙarin matsatsun miyau na ganɗa kusan rabinsu kansa ne, ko da yake a ido duk kamarsu ɗaya. Tabo mai launin makuba a ganɗa ko dasashi yakan sa in nemi a yi gwajin sida tare da biyofsi, saboda wata kansa mai suna Kaposi tana yawan bayyana a nan ga wanda garkuwar jikinsa ta faɗi. Gyambon harshe ma da ya ƙi warkewa wani lokaci tarin fuka ne ya hauro, kuma madubi ne kaɗai ke raba shi da kansa.

Muƙamuƙi shi ne inda aikinmu ya fi bambanta da na Turawa, don haka bari in ɗan daɗe a kansa. Amelobilastoma yana tasowa ne daga ragowar ƙwayoyin da suka gina ɓawon haƙori tun mutum yana yaro. Kusan 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, yawanci ta baya wajen turame, kuma ya fi kama matasa da masu matsakaicin shekaru. Ba kansa ba ne, don ba ya yawo zuwa huhu ko hanta sai a nadiri, amma yana cin ƙashi daga ciki a hankali, shekara da shekaru, ba tare da zafi ba. Na tuna wani magidanci, ɗan kimanin shekara 30 da ɗoriya, da ya shigo ya naɗe fuska da rawani cikin zafin bazara. Da ya kwance, gefen muƙamuƙinsa ya kai girman ƙwallon goruba biyu, kuma da na danna da yatsa sai ƙashin ya lotsa ya yi ƙara kamar ɓawon ƙwai. A hoton radiyo cikin ƙashin ya rarrabu gida-gida kamar kumfar sabulu. Tabon sakiya uku na ƙirga a fatarsa. Irin wannan ƙari, idan aka kankare shi kawai kamar yadda ake yi wa kist, yakan dawo. Maganinsa shi ne a yanke shi tare da lafiyayyen ƙashi na kusan santimita 1 ko fiye a kowane gefe. To, kist da amelobilastoma suna iya yin kama da juna a hoto, musamman suna ƙanana. Ɗaya kankarewa ta ishe shi, ɗaya sai an yanke ƙashi. Likitan da ya buɗe muƙamuƙi bai san wanne ne a ciki ba, ko dai ya yanke abin da bai kamata ba, ko ya bar abin da zai dawo bayan shekara biyar ya fi da girma.

A yara kuma akwai wata irin kansa mai suna limfomar Burkitt, wadda ta samu suna daga likitan tiyata Denis Burkitt, da ya bayyana ta a 1958 bayan ya ga yara da kumburin muƙamuƙi a Kampala ta Yuganda. A 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr cikin naman irin wannan ƙari a Landan, kuma an tabbatar yana da alaƙa da yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin namu. Yaro ɗan shekara 5 ko 7, fuska ta kumbura cikin mako biyu ko uku, haƙora suna girgiɗi ba tare da sun ruɓe ba. Yana cikin ƙari mafi saurin girma a jikin ɗan Adam, amma kuma yana cikin masu saurin narkewa da maganin kansa na ƙarin ruwa. Ba tiyata ake masa ba. Sau da yawa ma ba sai an yanka ba, da siririyar allura ake zuƙo ƙwayoyin a duba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in ga yaron da aka cire wa haƙora biyu ana zaton ƙurji ne, aka yi ta ba shi maganin mugunya har wata ya wuce.

Ita kansar baki fa?

A duniya baki ɗaya, kusan 90 cikin 100 na kansar baki iri ɗaya ce, wadda ke tasowa daga fatar da ta shimfiɗe cikin bakin. Cibiyar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta sababbin masu kansar leɓe da baki kimanin 377,000 a 2020, da mutuwar sama da 177,000. Wuraren da ta fi so su ne gefen harshe, da ƙarƙashinsa, da cikin kunci, da dasashin ƙasa. Manyan musabbabanta taba da giya ne, kuma idan suka haɗu haɗarin ninkuwa yake yi. Idan na ce taba ba sigari kaɗai nake nufi ba. Garin taba da ake haɗawa da kanwa a cusa tsakanin leɓe da dasashi, wanda dattawa maza da mata suke riƙewa a wuri guda shekara 20 ko 30, shi ma taba ne, kuma sau da yawa a daidai inda ake ajiye shi farin tabo yake fara fitowa. Mutane sukan tambaye ni goro, saboda sun ji an ce wani goro yana kawo kansar baki a Indiya. Wancan ƙwallon wani nau'in dabino ne da ake kira areka, ba dangin goronmu ba ne. Abin da nake gani daga goro shi ne rina haƙori da ɓoye tabo, har sai na sa mutum ya kurkure baki sosai kafin in iya ganin launin namansa na asali.

Ƙa'idar da muke aiki da ita mai sauƙi ce: duk gyambon baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba bayan an kawar da abin da ke gogarsa, sai a yi masa biyofsi. Haka farin tabo da ba ya gogewa, balle jan tabo mai laushi kamar karan-miski, wanda ya fi farin haɗari nesa. Rashin zafi ba shaidar lafiya ba ne; kansar baki a farkonta yawanci ba ta zafi, sai ta kai jijiya. Kuma lokacin da aka gano ta shi ne kusan komai. A Amurka, inda ake bin sawun marasa lafiya da kyau, sama da 80 cikin 100 na waɗanda aka gano tasu tana wuri ɗaya suna raye bayan shekara 5, amma waɗanda ta riga ta yaɗu zuwa nesa ba su kai rabi ba.

Maganar kawu

Kada ki ɗauki maganar kawunki a matsayin jahilci, domin abin da ya gani da idonsa ne ya gina ta. Kusan kowane gida yana da labarin wanda aka kai asibiti da kumburi, aka taɓa shi da wuƙa, bayan wata uku ya rasu. Abin da labarin ba ya faɗi shi ne mutumin ya yi shekara biyu da ciwon kafin a kai shi, ya isa a lokacin da ya riga ya ci wuya, wuƙar ta zo ne a ƙarshen tafiya aka ɗora mata laifin tafiyar duka. Ana yin biyofsin baki kullum a duk duniya kafin a fara maganin kansa, kuma babu likitan da zai yanke wa mutum rabin harshe ko ya sa a gasa masa ciwon da haske ba tare da takardar anafat ba. Cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai, wadda ta fara gasa ciwon daji da haske a 2021, ita ma wannan takardar za ta fara nema.

Duk da haka akwai ƙanshin gaskiya a tsoron ƙarfe, kuma ya kamata a faɗe shi. Akwai wuraren da mu ma ba ma yanka haka kawai. Tsiron da jijiyoyin jini suka cika, wanda ke yin fari idan an danna shi ya sake cika, yanka shi a kujerar likitan haƙori na iya jawo jinin da ba a iya tsayarwa. Kumburin babbar matsatsar miyau ta gaban kunne ba a tsaga shi don ɗaukar yanki, saboda ana iya watsa ƙwayoyinsa ko a yanke jijiyar da ke motsa fuska. Allura ake sa masa. Kumburin cikin ƙashi kuma sai an fara zuƙa da sirinji an ga ko ruwa ne ko jini kafin a buɗe. Wato akwai ƙarfen da ke ɓarna, shi ne wanda ya shiga ba da sani ba, kuma sakiya da tsaga a gida suna cikinsa. Idan za ki yi wa kawu magana, ina ganin ta nan za ki shiga, kuma zai fi kyau ku tafi da shi wajen likitan ya ji da kunnensa, ya yi tambayoyinsa. Na sha ganin dattijon da ya shigo da niyyar hanawa ya fita shi ne mai riƙe kwalbar.

Tsiron Inna

A dasashi, tsiro guda ɗaya mai girma a hankali, marar zafi, mai jini idan an goge shi, mafi yawan lokaci martani ne da dasashin ya yi wa abin da ke damunsa: dattin da ya daskare a gindin haƙori ya zama kamar tsakuwa, ko karyayyen turmi mai kaifi, ko ragowar saiwa. Akwai iri huɗu da suka fi yawa, kuma a ido suna kama da juna ƙwarai: mai tauri launin dasashi, da ja mai saurin jini, da wanda ke da ɓurɓushin ƙashi a ciki, da mai launin makuba wanda kan ɗan ci ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Duk ba kansa ba ne, amma biyun ƙarshe sukan dawo idan ba a kankare har gindi ba kuma ba a wanke haƙoran ba, don haka ko a nan sunan yana da amfani. Idan Inna tana shan maganin hawan jini irin nifedifin ko amlodifin, a faɗa wa likita, domin sukan kumbura dasashi, ko da yake nasu kumburin yakan bi haƙora da yawa ne ba wuri ɗaya ba.

Abin da ya hana in ce ku kwantar da hankali ku bar shi shi ne shekarunta. Kansar dasashi tana iya fara fitowa da kamar tsiro marar illa, kuma bayan shekara 50 ba a yarda da kama. Abubuwan da za su ƙara mini zargi su ne: haƙoran kusa da tsiron sun fara girgiɗi ba dalili, ko leɓen ƙasa na wannan gefen ya mutu kamar an yi masa allura, ko saman tsiron ya fashe ya yi gyambo mai gefe a tashe, ko akwai kaluluwa mai tauri marar zafi a ƙarƙashin muƙamuƙi ko wuya, ko kuma tana ajiye garin taba a wurin. Idan akwai ɗaya daga cikinsu, kada a ƙara mako. Idan babu, duk da haka wata biyar ya isa jira. Ki nemi a ɗauki hoton radiyon wurin kafin a yanka, don a ga halin ƙashin, kuma a sanar da likita idan tana da ciwon suga ko tana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini.

Tafiyar kwalbar

Wannan ɓangaren ba a cika faɗa wa iyalai ba, alhali a nan aiki ya fi lalacewa. Tsakanin Maradi da Yamai tafiya ce ta sama da kilomita 600, kuma sau da yawa dangin marar lafiya ne ke ɗaukar samfurin ko su ba da shi a tashar mota. Naman da ke cikin formol ba ya buƙatar ƙanƙara, kada ma a sa shi a firiza, domin daskarewa tana farfasa ƙwayoyin. Amma naman da aka sa a ruwan gishiri na ƙarin ruwa, ko aka naɗe a auduga, kafin ya isa ya ruɓe. An taɓa kawo mini wata baiwar Allah da aka cire wa tsiro a wani ƙaramin wurin shan magani, aka ba ɗanta naman cikin kwalbar allura da ruwan da ba formol ba, ya ajiye shi kwana tara yana haɗa kuɗi. Sakamakon ya dawo da layi ɗaya: naman ya lalace, ba a iya karantawa. Tsiron kuma an riga an cire shi duka, babu abin da za a sake ɗauka, sai muka koma sa ido wata bayan wata.

Ni ma na taɓa yin nawa kuskuren a farkon aiki. Na ɗauki yanki daga tsakiyar wani gyambon harshe, inda ya fi muni a ido, ashe mataccen nama ne kawai a wurin. Takarda ta dawo ba ta ce komai ba, dattijon ya yi asarar mako uku da kuɗinsa, na sake yanka daga gefe sannan aka ga kansar. Tun daga ranar, idan sakamako ya ce "kumburi kawai" alhali idona da yatsana suna faɗa mini wani abu dabam, sai in sake ɗauka. Biyofsi yana faɗin abin da ke cikin yankin da aka aika ne, ba abin da aka bari a baki ba.

Saboda haka ranar da za a yi wa Inna aikin, ki duba da idonki cewa naman ya nutse cikin formol, murfin ya rufu sosai, an rubuta sunanta da kwanan wata a jikin kwalbar ba a murfi ba, kuma takardar da ke rakiyarta ta faɗi shekarunta, da daidai inda aka yanko, da tsawon lokacin da tsiron ya yi, da lambar wayar da za a same ku. Ki ɗauki hoton takardar da wayarki, ki riƙe lambar da ɗakin bincike zai bayar. Nama mai laushi yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin amsa ta dawo mana, mai ƙashi kuma ya fi haka, don sai an jiƙa shi ya yi laushi kafin ya feru. Idan wurin ya warke sumul kafin nan, kamar yadda yakan faru cikin kwana 10, kada hakan ya sa ku bar takardar a Yamai. Ku karɓo ta, ku kai wa likitan da ya yanka ya karanta muku, sannan ku ajiye kwafinta a gida, domin idan tsiron ya sake fitowa bayan shekara biyu, ita za a fara tambaya.